Ɗali'in Yaro: Sharhi a Kan Buruji Mai Hudowa da Fassararsa a Ƙasar Haɗejiya

1. Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya saba jin an ce tauraron wane yana haskawa, ko kuwa a ce taurarin wane da wance ba su zo ɗaya ba, in an ga zaman aure ya ƙi daɗi. Maganganu ne da muke yi kullum ba tare da mun tsaya mun tambayi wane tauraro ake nufi ba. A 'yan shekarun nan kuma wani sabon zance ya ƙaru a kan na da. Matasan iyaye masu ilmin zamani suna cin karo da rubuce-rubuce a wayoyinsu, masu cewa in mutum yana so ya san halin ɗansa tun yana goye, to, ya nemi burujin da yake hudowa daga gabas a daidai sa'ar da aka haife shi. Wannan buruji shi ne masana falaki na Larabawa suke kira aɗ-ɗali'u, watau mai hudowa, mu kuwa za mu riƙa ce masa ɗali'i a wannan takarda.

Manufarmu ita ce mu auna rubuce-rubuce iri biyu da suke ba da ma'anar ɗali'in yaro: littafin da malaman duba suka daɗe suna aiki da shi, da kuma sababbin bayanan da suka zo mana daga Turai da Amurka. Mun zaɓi Kirikasamma, a ƙasar Haɗejiya ta Jihar Jigawa, ta zama ma'auninmu, domin shi ɗali'i ba ya tsayuwa sai an ambaci wuri an kuma ambaci sa'a. Abin da za mu nuna shi ne cewa kalmar ta iso mana ta hanyoyi biyu, amma a kowace hanya ta bar kayan aikinta a baya, kuma yaro ne yake ɗaukar nauyin wannan rashi.

2. Ɗali'i a wurin masu shi

Masana na da sun raba hanyar da rana take bi a sararin sama cikin shekara kashi 12, kowane kashi daraja 30, suka kira kowanne buruji. Ga su bi da bi: Hamal (rago), Saur (sa), Jauza'u (tagwaye), Saraɗan (ƙaguwa), Asad (zaki), Sumbula (zangarniya), Mizan (ma'auni), Aƙrab (kunama), Ƙaus (baka), Jadyu (ɗan akuya), Dalwu (guga), da Hut (kifi). Suka kuma raba su ga ɗabi'u huɗu: Hamal da Asad da Ƙaus na wuta ne, Saur da Sumbula da Jadyu na ƙasa, Jauza'u da Mizan da Dalwu na iska, sauran ukun na ruwa.

Saboda juyawar duniya, dukan burujan nan suna hudowa daga gabas ɗaya bayan ɗaya cikin kwana guda, ko ana ganinsu ko hasken rana ya rufe su. Wanda yake bakin hudowa lokacin da jariri ya faɗo shi ne ɗali'insa. Lalle ne a bambanta shi da burujin rana, wanda jaridu suka fi yayatawa. Rana takan yi kimanin wata guda a cikin buruji ɗaya, saboda haka duk yaran wannan wata suna tarayya a cikinsa. Ɗali'i kuwa yana sakewa kusan kowace sa'a biyu, daraja guda tana wucewa cikin minti 4 ko kusa da haka.

Daga ɗali'i ne ake fara ƙirga gidaje 12 na taswirar haihuwa. Gida na farko, watau ɗali'in kansa, shi ne na rai da jiki da ɗabi'a. Na huɗu na iyaye, na shida na cuta, na bakwai na aure, na takwas na mutuwa. In aka kuskure ɗali'i, duk gidajen sun goce. Masu wannan sana'a sun san haka sarai. Baɗlaimus, masanin birnin Iskandariyya na ƙarni na 2, ya yi kuka a littafinsa na hukuncin taurari cewa agogon inuwa da agogon ruwa ba su isa su ba da sa'ar haihuwa daidai ba, sai an auna da usɗurlabi, watau faifan tagullan nan da ake auna tsawon rana ko tauraro da shi.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu riƙe, domin za mu komo kansa. A littattafan haihuwa na Larabci, tambayar da ake fara yi wa ɗali'in jariri ita ce wadda suke kira tarbiyya, amma da ma'anar raino: shin wannan yaro zai tsallake shekaru huɗu na farko, ko ba zai tsallake ba? Sai an amsa wannan sa'an nan a shiga zancen hali da sana'a da dukiya. Tsoron mutuwar yara shi ne ya fara kai iyaye ƙofar mai duban taurari.

3. Sa'ar haihuwa a Kirikasamma

Kirikasamma tana tsakanin daraja 12 da 13 arewa da tsakiyar duniya, da kuma kimanin daraja 10 a gabas. A wannan matsayi burujai ba sa ɗaukar lokaci ɗaya wajen hudowa. In aka yi lissafi, Hamal da Hut sukan gama fitowa cikin kimanin sa'a 1 da minti 40, Saraɗan da Ƙaus kuwa sukan kai sa'a 2 da minti 12. A Landan Hamal ba ya cika ko sa'a guda. Ke nan jadawalin da aka tsara domin Landan ba shi da amfani a bakin kogin Haɗejiya. Daɗa kuma, an daidaita agogon Nijeriya ne da layin daraja 15 na gabas, saboda haka ranar Kirikasamma tana bayan agogo da kusan minti 20, ta Ikko kuwa tana bayan ta Kirikasamma da kusan rabin sa'a. Na'ura tana iya gyara wannan duka in an ba ta sunan gari daidai. Abin da ba ta iya gyarawa shi ne sa'ar da aka ba ta.

To, yaya ake riƙe sa'ar haihuwa a ƙauyukan fadamar Haɗejiya? Inda aka haihu a ɗaka, a hannun ungozoma ko wata tsohuwar gida, ba wanda hankalinsa yake kan agogo. In ka tambayi uwa bayan shekara biyar, abin da za ta ce maka shi ne da asuba, ko da hantsi, ko ana kiran la'asar, ko kuwa cikin dare. Daga isha'i zuwa asuba sa'a 9 ce ko kusa, burujai huɗu ko biyar sun hudo sun wuce. Ko hantsi ma yana iya ɗaukar biyu. Inda aka haihu a asibiti kuwa, sau da yawa akan rubuta lokaci ne bayan an yanke cibiya an kintsa mai jego. Sa'an nan wane lokaci ne ma haihuwar? Fitowar kai, ko kukan farko, ko yankan cibiya? Su masu taurari ba su daidaita a kan wannan ba. Bahaushiya kuwa tana da nata hukunci: ba a cewa an sauka lafiya sai mabiyiya ta faɗo, wanda yakan iya zama bayan minti 10 ko rabin sa'a.

Kada a ɗauka Bahaushe bai damu da lokacin haihuwa ba. Ya damu ƙwarai, har ya sa shi cikin suna. Ranakun mako sun ba mu Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu, Balarabe da Laraba, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Yanayi da watanni sun ba mu Anaruwa da Marka da Nomau da Azumi da Sallau da Tasalla. Abin lura shi ne irin lokacin da al'ada ta ga ya cancanci a adana: rana, da yanayin shekara, da abin da jama'a suke ciki. Ba mu da sunan da yake adana minti. Ɗali'i kuwa minti yake bukata.

Ga kuma matsalar tagwaye, wadda tsohuwa ce. Malamin Kirista Agustin na Arewacin Afirka ya kafa hujja da ita tun ƙarni na 5. Hassan da Usaini sukan faɗo cikin buruji ɗaya, amma kowace uwar tagwaye za ta gaya maka ɗaya mai haƙuri ne, ɗaya mai rigima. Amsar masu taurari ita ce 'yan mintocin da suke tsakaninsu sun sake daraja. To amma in har minti 10 suna iya juya hali haka, ashe ba sauran abin da za a iya faɗa game da yaron da aka ce an haife shi cikin dare.

4. Ɗali'in lissafin suna

Ilmin taurari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, ya rubuta Ad-Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari, littafin da aka buga a Masar daga baya. Haka kuma suka ba baƙuwa ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya sa masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa ko yanayin taurari cikin waɗanda ya yi wa hukunci mai tsanani, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi risala a kan wajabcin nisantar masu rufa-ido da masu taurari. Tun kafin su Ibn Khaldun ya ware babi a Muƙaddima domin rushe wannan sana'a. Hukuncin shari'a aikin malaman fiƙihu ne, kuma sun yi shi. Namu aikin shi ne mu duba ko littafin da ake aiki da shi ya cika sharaɗin da ya ɗora wa kansa.

Littafin da muke nufi shi ne wanda aka fi sani da Abu Ma'ashar al-Falaki, bugun Masar, wanda ake samu wurin masu sayar da littattafai a kasuwanni irin su Kurmi ta Kano. Shi Abu Ma'ashar na gaskiya mutumin Balkhu ne, ya zauna a Bagadaza, ya rasu a 886, kuma babban littafinsa, Al-Mudkhalul Kabir, an fassara shi da Latin sau biyu a ƙarni na 12. Amma ɗan littafin kasuwa da ake jingina masa wata hanya daban ya bi. Ya raba maza da mata, ya ba kowane buruji fuska uku, ya siffanta launin mai shi da ƙirarsa da halinsa da cututtukansa, da shekarun da ake ji masa tsoro, da wadda ta dace ya aura. Duk wannan bisa ɗali'i. Sai dai yadda ake gano ɗali'in ba ya bukatar sa'a, ba ya bukatar gari, ba ya ma bukatar a ɗaga kai a dubi sama. Ana haɗa lissafin baƙaƙen sunan mutum da na sunan uwarsa, a yi ta zubar da 12, abin da ya saura shi ne lambar burujinsa.

Muna iya fahimtar dalilin karɓuwar wannan hanya. Ta warware matsalar da muka gani a sashe na 3, tunda kowa ya san sunansa da na uwarsa ko da bai san sa'arsa ba. Amma ta warware ta ne da jefar da abin da ake nema. Bari mu gwada ta da misali guda, mu ɗauki yaro mai suna Salihu, uwarsa Amina.

A lissafin abajada na Gabas, wanda littattafan Masar suke bi, sadi 90 ne. Salihu ya zama 90 da 1 da 30 da 8, watau 129. A lissafin Magariba kuwa, wanda shi ne ya zo ƙasarmu tare da rubutun allo, sadi 60 ne, Salihu ya zama 99. Amina alif ne da mim da nun, 1 da 40 da 50, sai ta-kuri ta ƙarshe, wadda wasu suke ƙirga ta 5 a matsayin ha, wasu 400 a matsayin ta. Ke nan Amina ko 96 ko 491. Yanzu sai mu haɗa. 129 da 96 sun ba da 225, a zubar da 12 saura 9: Ƙaus, burujin wuta. 99 da 96 sun ba da 195, saura 3: Jauza'u, na iska. 129 da 491 sun ba da 620, saura 8: Aƙrab, na ruwa. 99 da 491 sun ba da 590, saura 2: Saur, na ƙasa. Yaro ɗaya, uwa ɗaya, ya zama wuta da iska da ruwa da ƙasa, gwargwadon zauren da aka kai shi.

Ba a nan matsalar ta tsaya ba. Suna sai ran bakwai ake raɗa shi, kuma uba ne ko kaka yake zaɓa, saboda haka wannan ɗali'i zaɓin mutum ne, mako guda bayan burujin gaskiya ya hudo ya faɗi sau bakwai. Duk wani Muhammadu ɗan Faɗimatu daga Birniwa zuwa Kafin Hausa burujinsu ɗaya, ko an haife shi da rani ko da marka. Sa'an nan wane sunan uwa za a ƙirga, na yanka ko wanda kowa ya san ta da shi? Mata da yawa sun tsufa ana kiransu Ladi ko Kande ko Yalwa, har 'ya'yansu ba su san na yankan ba.

Da a ce wasa ne kawai, da ba mu ɓata lokacin wannan taro a kansa ba. Amma da wannan lissafi ne ake gaya wa iyaye cewa ɗansu wuta ne, yarinyar da yake so ruwa ce, gidansu ba zai zauna ba. Da shi ake gaya wa uwa cewa shekara kaza tana da haɗari ga ɗanta, ta shiga sadaka da neman laya, alhali kuwa kuɗin da natsuwar duka ana bukatarsu a wani wuri.

5. Ɗali'in zamani

Sababbin bayanan da suke zuwa daga Turai sun komo da sa'a da gari, wannan kam an yaba musu. Abin da suka sake shi ne tambayar. A Ingila an gurfanar da wani mai taurari, Alan Leo, gaban shari'a a 1914 da kuma 1917 bisa laifin duba, har aka ci shi tara a karo na biyu. Shi ne ya fi kowa tura sana'ar daga faɗin abin da zai faru zuwa siffanta hali. A watan Agusta na 1930 jaridar Sunday Express ta buga sharhin R. H. Naylor a kan taurarin jaririyar gidan sarautar Ingila, Gimbiya Margaret, daga nan filin taurari ya kafu a jaridu. A 1968 Linda Goodman ta fitar da Sun Signs a Amurka, inda ta ware wa yaron kowane buruji nasa sashe. Daga wannan zuriya ne bayanan ɗali'in yara na yau suka fito.

Ma'anar da suke bayarwa a taƙaice ita ce: burujin rana shi ne ainihin yaro, na wata shi ne zuciyarsa, ɗali'i kuwa shi ne fuskar da yake nuna wa duniya, yadda yake tarbar baƙo da sabon wuri. Sai a ce mai ɗali'in Hamal ba ya zama wuri ɗaya, mai Saraɗan yana maƙale wa uwarsa, mai Asad yana son a kalle shi, mai Saur ba ya son a gaggauta shi.

Sukarmu ta farko ita ce, wane yaro ɗan shekara biyu ne ba ya yin waɗannan duka kafin azahar? Wani masanin halayyar ɗan Adam, Bertram Forer, ya nuna wannan a gwajin da ya buga a 1949. Ya ba ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya sak, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, suka ba bayanin maki sama da 4 cikin 5 na dacewa. A 1985 kuma mujallar Nature ta buga gwajin Shawn Carlson, inda aka ba ƙwararrun masu taurari cikakkiyar taswirar haihuwa, da ɗali'inta da gidajenta, aka ce su zaɓi bayanin halin mai ita daga cikin uku. Ba su wuce abin da mai cinke zai samu ba.

Ta biyu ta shafi sama kanta. Burujan Turawa ana ƙirga su ne daga inda rana take a ranar da dare da rana suke daidaita cikin Maris, wannan wuri kuwa yana zamewa a hankali, daraja guda cikin kimanin shekara 72. Yau tazarar da take tsakanin burujin lissafi da taurarin da suka ba shi suna ta kai kimanin daraja 24. In na'ura ta ce Hamal ne yake hudowa, wanda ya fita bayan gari ya dubi gabas galibi taurarin Hut zai gani. Masu taurari na Indiya suna gyara wannan tazara, Turawa ba sa gyarawa, saboda haka a kusan huɗu cikin biyar na haihuwa, ɗali'in da Ba'indiye zai ba yaro daban yake da na Bature. Mun koma gidan Salihu ɗan Amina ke nan.

Ta uku ita ce ta fi damunmu, mu masu nazarin al'ada. An ce ɗali'i shi ne fuskar da yaro yake nuna wa baƙo. To, ai a ƙasar Hausa ba abin da tarbiyya ta fi sa wa hannu kamar wannan fuska. Tun yaro yana tatata ake koya masa ya durƙusa ya gai da manya, ya sunkuyar da kai, kada ya tsura wa babba ido, kada ya karɓi abu da hagu, kada ya sa baki in manya suna magana. Ɗan fari yana tashi cikin alkunyar iyayensa, wani ma a ɗakin kakarsa yake girma tun daga yaye. Yaron Bamange ko Babade ko Bafulatanin rugar da take kusa da Baturiya, kowanne da irin gaisuwar da aka hore shi da ita. Wanda ya rubuta cewa mai ɗali'in Asad yakan shiga tsakiyar baƙi ya yi ta surutu, wani yaro yake gani a ransa, a wani gida inda ake tafa wa irin wannan. A Kirikasamma harara ɗaya daga uwa ta isa ta mai da zakin nan bayan ƙyaure. Ashe ɓangaren halin da aka ba ɗali'i shi ne wanda gida da unguwa da makarantar allo suka fi iko da shi.

Hausawa suna da karin magana biyu masu ja da juna a kan wannan: hali zanen dutse, da kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai hankali yana riƙe da duka biyun, ya san na farko a kan baligi aka yi shi. Bayanin ɗali'i yana ɗauko na farkon ya ɗora wa jariri. Illar haka ba ƙarama ba ce. A ɗauka yaro ya kai shekara uku bai fara magana sosai ba, in an kira shi ba ya waiwayowa da wuri. Uwar da aka gaya wa ɗanta mai ɗali'in ƙasa ne, mai nauyin jiki da sanyin hali, ta sami amsar da za ta kwantar mata da rai, ta daina tambaya. Alhali ƙasar Haɗejiya tana cikin yankin da sanƙarau yake zagayowa da bazara, kamar babbar annobar 1996, kuma kurumta tana cikin abin da yake bari. Tamowa ma tana sa yaro ya yi lakwas, haka ƙarancin jini. Waɗannan duka ana iya gano su in an duba da wuri.

6. Taurarin manomi

Akwai wani hudowar tauraro da mutanen fadama suka daɗe da sani, wanda bai shiga cikin sukar da muka yi ba. Malamai sun raba ilmin taurari biyu: na tasyiri, watau sanin tafiyarsu domin gane lokaci da alƙibla da hanya, da na ta'asiri, watau da'awar cewa su suke juya al'amuran mutane. Na farkon ne ya ba mu manzilolin nan 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, jimla 365. Malamanmu sun tsara su cikin waƙoƙin ajami domin sauƙin hadda, Mervyn Hiskett kuma ya yi nazarin waɗannan waƙoƙi a wata maƙala ta 1967. Manomi ya san Nasara da Ɗarfa da Jabha taurarin damina ne. Ko wanda bai yi karatu ba ya san Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa suke kira Surayya, takan ɓace da bazara, ta sake hudowa da asuba wajen watan Yuni, lokacin da ake sa ran shuka ta kama. Wannan hudowa kowa yana iya fita ya gani da idonsa, kuma abin da take faɗa bai wuce lokaci ba.

Ga yaron Kirikasamma, lokacin shekara da aka haife shi ba ƙaramin abu ba ne. Wanda aka haifa a Agusta ko Satumba ya zo ne sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, uwa ta yi watannin ƙarshe na ciki cikin aiki da ƙarancin abinci. Ruwa ya malale fadama, sauro ya yi yawa, wasu ƙauyukan sai da kwalekwale ake fita daga cikinsu, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022. Wanda aka haifa da kaka ko farkon ɗari ya tarar da shinkafa da gero da kifi, da hanya a bushe. A ƙasar Gambiya an bi diddigin irin wannan bambanci a wasu ƙauyuka na tsawon shekaru, sakamakon da aka buga a Nature a 1997 ya nuna cewa waɗanda aka haifa a watannin yunwa sun fi saurin mutuwa da ƙuruciya bayan sun balaga, nesa ba kusa ba. Abinci da cuta ne sanadi, tauraro alama ce kawai ta watan da abin yake faruwa.

Wannan ya komo da mu ga tambayar tarbiyya ta littattafan farko, watau ko yaro zai rayu. Bayanan Turai sun bar ta domin a can ta daina ci musu tuwo a ƙwarya. A nan kuwa sunaye irin su Ajuji da Ayashe, waɗanda mai wabi take sa wa ɗanta don mutuwa ta raina shi, shaida ne cewa ita ce tambayar da take hana iyaye barci. Amsar da ta fi tasiri a kanta zuwa yanzu ita ma bisa lissafin lokaci aka gina ta. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel, daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya kowane wata a tsawon damina, kuma Jigawa tana cikin jihohin da aka yi wannan aiki gida-gida. Watannin rabon sun faɗo ne a kan kwanakin da tsohon manomi zai kira Nasara da Ɗarfa da Jabha da waɗanda suke biye da su.

Sai dai ko shi lissafin manomi ya sami tangarɗa a fadamar Haɗejiya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, malalar kogi ta sake hali, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, har wasu gonakin da suke kan mashigin Marma suka koma tafki, wasu kuma suka bushe. Jabha tana shigowa a kwanakinta kamar yadda ta saba, amma ranar da ruwa zai iso ƙofar gidan mai jego yanzu ta rataya har da yadda ake sakinsa daga can ƙasar Kano.